Haƙorin Roba da Mai Juna Biyu: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin a Sa Miki

Idan kina da giɓi a baki, ko kina sanye da haƙorin roba, ko kuwa akwai mai shi a gidanku, to wannan bayani naku ne.

Mata da yawa kan haƙura da giɓi shekara da shekaru, sai ciki ya tsufa, an fara shirin suna, sannan hankali ya tashi a ce lallai a cike shi kafin ranar taro. A cikin wannan gaggawa ne ake faɗawa hannun mai sa haƙori na kasuwa, wanda zai kwaɓa hodarsa nan take, ya liƙa a baki, ya karɓi kuɗinsa, kafin la'asar an koma gida. Ga wadda ta taso daga Kwatarkwashi, ko Tsafe, ko ƙauyukan Bunguɗu, wannan ya fi mata sauƙi a kan zirga-zirga zuwa asibiti a Gusau, balle in aka dubi kuɗin mota da halin da hanya ke ciki. To amma kwana ɗaya ko biyu sai baki ya kama raɗaɗi, dasashi ya yi jawur, abinci ya gagara ci, a daidai lokacin da jikinki ya fi bukatar abinci.

Sau da yawa abin da ke jawo haka wani ruwa ne da ya rage a cikin robar, wanda bai gama daskarewa ba. Shi za mu yi miki bayani a kai: mene ne shi, me yake yi wa haƙorin, me yake yi wa bakinki, da yadda za ki kauce masa.

Da me ake yin haƙorin roba?

Robar da ake magana sunanta akirilik. Kamfanin wani masani Bajamushe mai suna Otto Röhm ne ya fito da ita a 1933 a matsayin gilashi mai wuyar fashewa. Tsakanin 1936 da 1937 aka fara yin mazaunin haƙori da ita a Jamus da Amurka, kuma cikin 'yan shekaru ta maye gurbin gasasshiyar robar itace da ake amfani da ita tun shekarun 1850. Ba a baki kaɗai take aiki ba. A 1949 wani likitan ido a Ingila, Harold Ridley, ya dasa wa majinyaci madubin ido na irin wannan roba bayan an cire masa yana, kuma har yau likitocin ƙashi na amfani da ita wajen kafa ƙarfen ƙugu. Wannan ya isa ya nuna miki cewa idan akirilik ya gama haɗuwa yadda ya kamata, jikin ɗan Adam yana zama da shi lafiya.

Abu biyu ake haɗawa a same shi. Akwai hoda mai launin dasashi, akwai kuma wani ruwa garai-garai mai ƙarfin wari, wanda masana ke kira monoma, cikakken sunansa metil metakirilet. Mu a nan za mu kira shi ruwan haɗi. Ana auna kimanin awo uku na hoda a zuba awo ɗaya na ruwan. Da farko kwaɓin kan yi kamar jiƙaƙƙen yashi, sai ya yi yauƙi, sai ya koma kamar kwaɓin fulawa. A wannan mataki ne ake danna shi cikin mazubin da aka yi daidai da siffar bakinki.

Mene ne ragowar ruwan haɗi?

Ki ɗauka ruwan nan ƙwayoyin carbi ne a zube cikin faranti. Idan haɗi ya fara aiki, ƙwayoyin sai su riƙa shiga zare ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kowane zare, zaruruwan su sarƙe da juna har abin ya yi tauri. Sai dai ba a taɓa samun duk ƙwayoyin sun shige ba. Kullum akan bar wasu a sake, suna maƙale a tsakanin zaruruwan. Waɗannan su ne ragowar ruwan haɗi.

Kowane haƙorin roba yana da su. Abin dubawa shi ne yawansu, shi kuwa yawan ya danganta da irin robar da aka zaɓa da kuma haƙurin wanda ya yi aikin.

Roba iri biyu: mai dahuwa da mai daskarewa da kanta

Ta farko ita ce wadda ake dafawa. Bayan an danna kwaɓin a mazubi, sai a rufe shi cikin akwatin ƙarfe, a ɗaure tamau, a nutsa a ruwa mai zafin digiri 74 a ma'aunin Salshiyas na tsawon awa 8 ko fiye. Wata hanyar kuma a yi awa 2 a wannan zafi, sannan a tafasa na awa ɗaya. Daga nan a bar shi ya huce a hankali. Idan aka bi wannan ƙa'ida, abin da ke ragewa na ruwan haɗi bai cika wuce kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin ɗari ba.

Idan kuwa mai aikin ya ƙosa, ya tsoma akwatin kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, zafin cikin kwaɓin zai haura digiri 100.8, inda shi kansa ruwan haɗin ke tafasa. Sai robar ta cika da ƙananan ramuka kamar soso. In kuma ya tsame da wuri, robar ba ta nuna ba ke nan. Duk wadda ta taɓa sayen tukunyar ƙasa da ba ta ji wuta ba ta san ƙarshenta: a ido ba ta da aibu, amma ruwa na tsatsowa, kuma ba ta daɗewa.

Ta biyu ita ce mai daskarewa da kanta. An sa mata wani sinadari a cikin ruwan, wanda ke sa ta yi tauri cikin 'yan mintoci ba tare da wuta ba. Tana da amfaninta, domin da ita ake gyara haƙorin da ya tsage, da ita ake yin na wucin gadi. Amma ragowar ruwan haɗi a cikinta kan kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wato kusan ninki goma na mai dahuwa. Hukumar daidaita ingancin kayayyaki ta duniya, ISO, ta ƙayyade cewa kada ragowar ta wuce kashi 2.2 cikin ɗari a mai dahuwa, da kashi 4.5 a mai daskarewa da kanta. Wanda ke kwaɓawa da ƙiyasin ido, ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi masa laushi, ba shi da hanyar sanin ko ya tsallake wannan iyaka.

Illarsa ga shi kansa haƙorin

Ragowar ruwan haɗi na sassauta robar daga ciki. Ga abin da hakan ke haifarwa:

1. Haƙorin ba ya da ƙarfi. Yakan lanƙwashe wajen tauna, ya tsage, ko ya karye ba tare da ya faɗi ba.
2. Yana saurin gogewa da karcewa, datti ya samu wurin maƙalewa.
3. Idan ruwan ya tsiyaye, yawu da ruwan abinci ke shiga gurbinsa. Daga nan wari ke farawa, wanda goge baki ba ya kawar da shi.
4. Launinsa na sauyawa. Goro, shayi da manja sukan rina shi, mai daskarewa da kanta kuma takan yi rawaya ko ba a ci komai ba.
5. Siffarsa na iya ɗan sauyawa, ya daina zama daram, ya riƙa motsi yana gurzar dasashi.

Wato kuɗin da aka yi zaton an rage, sai an sake kashe su, wani lokaci har da na jinya.

Illarsa ga baki

Ruwan haɗi na da kaifi a kan fata mai taushi irin ta cikin baki. Mafi yawansa yana tsiyayowa ne a yini na farko da 'yan kwanakin da ke biye, daga nan ya ragu sosai. Idan ya yi yawa, za ki ji zafi kamar na barkono a inda robar ta kwanta, wurin ya yi ja, wani lokaci ya saluɓe ko ya yi ƙuraje, ki riƙa jin ɗanɗanon magani a baki. Akwai 'yan ƙalilan da jikinsu ba ya shiri da shi ko kaɗan, su kan samu ƙaiƙayi da kumburin leɓe, amma irinsu ba su da yawa.

Mafi muni shi ne a kwaɓa robar a bar ta ta daskare a cikin baki, a manne da haƙoran gefe yadda ba ta fita. A nan ɗanyen ruwan na taɓa dasashi kai tsaye, ga kuma zafin da robar ke fitarwa lokacin da take daskarewa. Bayan haka babu yadda buroshi ko asuwaki zai kai ƙarƙashinta. Abinci ya taru, dasashi ya ruɓe, haƙoran da aka jingina da su su fara girgiɗi. An je cike giɓi ɗaya, an dawo da uku.

Sai dai ba kowane zafin baki ne na ruwan haɗi ba. Wanda ya fara cikin kwanakin farko na sabon haƙori, ko bayan an yi masa gyara, shi ake zargi da shi, ko kuma da matsewar robar a wani gefe. Jan da ya bayyana bayan watanni a ƙarƙashin robar, galibi ƙwayar cuta ce dangin funfuna mai suna kandida, wadda ke yaɗuwa idan ana kwana da haƙori a baki. Haka nan ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu ciki, yana sa harshe ya yi santsi da zafi. Saboda haka ki ambaci zafin bakin a wurin awo, domin a duba jininki.

Shin zai taɓa abin da ke cikinki?

Ki kwantar da hankalinki. Abin da ke fita daga haƙorin da aka yi bisa ƙa'ida ɗan mitsitsi ne, kuma jiki na narkar da shi da sauri. Ba a samu hujjar cewa sanya irin wannan haƙori na cutar da ɗan tayi ba. In kina da naki tun kafin ciki, kuma ba ya damunki, ki ci gaba da sawa.

Haɗarin ta bayan gida yake shigowa. Wadda bakinta ke ciwo ba ta iya tauna nama, wake, gyaɗa ko ganye, sai ta koma kunu da koko kaɗai, jini ya ƙara raguwa. Wata kuma ta aika kemis a sayo mata magani. Ki kiyayi wannan. Tetirasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya, yana rina haƙoran jariri tun yana ciki. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ba su dace da mai ciki ba, musamman a watannin ƙarshe. Farasitamol ne aka fi amincewa da shi, shi ma bisa ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya faɗa miki.

Waɗanda ya kamata su ƙara kula su ne masu shaƙar ɗanyen ruwan kullum a wurin sana'a, kamar masu ƙera haƙori da masu liƙa farcen roba a shagon kwalliya, domin ruwan da suke amfani da shi danginsa ne. Mai ciki da ke irin wannan aiki ta tabbatar iska na ratsa ɗakin, kwalba na rufe, kuma ruwan ba ya taɓa fatarta. Safar hannu ta roba da aka saba gani ba ta tare shi na dogon lokaci.

Yaushe ya dace a yi miki?

Ana yawan cewa ciki ne ke zuƙe haƙoran mace. Jariri ba ya ɗiban komai daga haƙoranki. Abin da ke faruwa shi ne sinadaran jiki na sauyawa, dasashi ya kumbura ya riƙa jini da ɗan abu kaɗan, sannan amai na laulayi na cinye bayan haƙori saboda tsaminsa. Idan aka haɗa da sakacin goge baki, sai haƙori ya lalace.

Ganin likitan haƙori ba ya da illa ga mai ciki, kuma ciwon haƙori ko kumburi mai ruwa ba a jira da shi sai an haihu. Amma ga sabon haƙorin roba, wata na 4 zuwa na 6 sun fi dacewa. A watanni ukun farko, abin da ake cusawa a baki don ɗaukar siffa na tayar da zuciya. A watannin ƙarshe kuwa, doguwar kwanciya rigingine a kujerar likita na iya sa jiri, sai an karkata ki ɓangaren hagu. Idan dasashinki ya kumbura sosai, likita zai iya cewa a fara wanke haƙoran, ko a dakata sai bayan kin yi arba'in, domin abin da aka auna a kan kumburi zai yi sako-sako idan kumburin ya saɓe. Haka kuma in yanzu aka cire haƙori, akan jira kamar mako 6 zuwa 8 wurin ya warke. Gara ki yi suna da giɓinki da ki yi shi da bakin da ba ya buɗuwa.

Ina za a je, me za a tambaya?

Likitan haƙori ne ke duba baki ya ɗauki siffa, ƙwararren maƙerin haƙori kuma ya yi aikin a ɗakin ƙira. A Nijeriya kowannensu na da hukumar da ke yi masa rajista, ta masu ƙera haƙori an kafa ta tun 1987. Akwai sashen haƙori a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, sai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Aikin na bukatar zuwa fiye da sau ɗaya, don haka in a Gusau kike awo, ki nemi a daidaita miki ranakun su zo tare, ki rage kuɗin mota.

Kada ki ji nauyin yin waɗannan tambayoyi:

1. Robar mai dahuwa ce ko mai daskarewa da kanta?
2. An jiƙa haƙorin a ruwa bayan an gama shi? Na tsawon wane lokaci?
3. Zan iya cire shi da kaina in wanke?
4. In ya dame ni, yaushe zan dawo?

Kafin ki karɓa, ki sansana shi. Bai kamata ya riƙa warin magani mai hawa kai ba. Ki shafa bayansa ki ji santsi, ki ɗaga shi a haske ki duba ko akwai fararen ɗigo ko ƙananan ramuka. In kin ga haka, ki nuna wa likita.

Yadda za ki kula da shi a gida

1. Sabon haƙori, ko wanda aka gyara, in ba a jiƙa shi a asibiti ba, ki sa shi a ruwa mai tsabta na awa 24 kafin ki fara sawa, kina sauya ruwan. Ruwa na janye mafi yawan ragowar da ke bayansa.
2. Kada ki tafasa shi ko ki zuba masa ruwan zafi da sunan ƙarasa dahuwa. Zai karkace.
3. Ki cire shi kowane dare, ki wanke da buroshi mai laushi da sabulu, ki ajiye a kofin ruwa mai murfi inda yara ba za su kai ba. Barinsa a bushe, musamman lokacin hunturu, na ɓata masa siffa. Toka da gawayi na karce shi.
4. In kin ji amai na tasowa, ki cire shi. Bayan aman ki kurkure baki da ruwa, ki jinkirta goge haƙora kamar rabin awa.
5. In ya tsage, kada a liƙa shi da gam na kanti. A kai shi a gyara a wajen baki.
6. In zafi, ja ko ƙuraje sun wuce kwana biyu, ki cire shi ki kawo shi asibiti. Kumburin leɓe, harshe ko fuska, ko wahalar numfashi, ba a kwana da su a gida.

Ranar haihuwa

Ki sanar da ungozoma ko malamar jinya cewa kina da haƙorin roba, kuma ki cire shi da zarar naƙuda ta kankama. Dole ne a cire shi kafin a shiga tiyata. Ƙaramin haƙori mai ɗauke da ɗaya ko biyu, ko guntun da ya karye daga robar da ba ta nuna ba, yana iya zamewa ya maƙale a maƙogwaro, musamman ga wadda jijjiga ta kama. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin ƙasar nan sun saba cin karo da wannan. Abin da ke ƙara wahalar shi ne akirilik ba ya fitowa sosai a hoton ƙashi da aka saba ɗauka, don haka in ana zargin an haɗiye shi, a gaya wa likita ƙarara, a kuma kai majinyaciya asibiti ba tare da an yi ƙoƙarin tura shi da loma ba.

Idan jariri ya zo da tsagaggen leɓe ko ganɗa

Wani lokaci likita kan yi wa irin wannan jariri ɗan faifan akirilik da ke rufe tsagar, don taimaka masa wajen shan nono ko daidaita wurin kafin a yi masa aiki. Fatar bakin jariri ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, saboda haka wannan aikin asibiti ne kawai. A wanke faifan yadda aka koya miki, a riƙa duba bakin kullum, a kuma koma duk ranar da aka ba ku.

Ga maigida da sauran iyali

Maigida, kai ne mai ba da izini da kuɗin mota, don haka rabin wannan magana taka ce. Idan iyalinka ta ce bakinta na ciwo, kada a ce ta daure sai ta sauka. Haƙorin da aka yi cikin rabin awa a gefen hanya ba zai yi daidai da wanda ya kwana a kan wuta ba, ko da a ido sun yi kama. Haka nan a duba na tsofaffin gida, inna ko baba, waɗanda wasunsu sun shekara ba su cire nasu ba. In kuma an riga an liƙa wa wani irin wanda ba ya fita, kada a ɓamɓare shi a gida, a kawo shi likita ya cire ya duba abin da ke ƙarƙashi.

Uwargida, ki ajiye wannan takarda, ki zo da ita ranar da za ki ga likitan haƙori. Allah Ya raba lafiya.